Ɗakin da Aka Kulle a Kalpohin

Samarin da ke zuwa cajin waya a shagona nan Sakasaka, cikin Tamale, sun yanke hukunci, sun ce sana'ata ta mutu. Wani ya ɗaga wayarsa har bakin hancina ya ce, "Masta, wannan abin da kake shan rana a kansa, yanzu dannawa biyu ne. Kana ofis ka shiga kwamfutarka ta gida, shi ke nan." Ban yi masa gardama ba. Shiga ba ta taɓa yin wuya ba. Abin da nake ci da shi shi ne hana wanda ba mai gida ba shiga, kuma wannan ba a bidiyon waya ake koyon sa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da yake rubutuna ba na 'yan makaranta ba ne. Wanda zai karanta ya karanta. Wanda ba zai karanta ba ya ci gaba da dannawa.

Ni a firamare na tsaya. Babana mai gyaran rediyo ne a zongo, da idonsa ya fara dushewa sai ya kai ni wurin wani Ba'asante, Masta Kwabena, mai gidan intanet kusa da kasuwa, irin wanda mutane ke zama a layi suna jiran kujera. Aikina shara ne, da tayar da janareta, da goge tebur. Na daɗe ban taɓa kibod ba sai da tsumma. Daga baya ya miƙa mini filayar matse kan kebul. Wayoyi ƙanana ne a cikin kebul ɗin nan, kowace da launinta da wurin zamanta, ka juya ɗaya ka ɓata kan. Duk kan da na ɓata sai ya jefa a gwangwanin madara, lokacin cin abinci ya ajiye gwangwanin kusa da kwanon waakyena. Bai taɓa duka na ba. Gwangwanin ya isa.

Turancin da ke kan allo na koye shi kamar yadda baƙo ke koyon hanyar gari: wannan kwanar tana kai ka can, waccan tana mayar da kai baya. Har yau akwai kalmomin da na san aikinsu sarai, ban san ma'anarsu ba.

Aikin rami na farko da na gani, na wani mai sayen ƙaɗanya ne. Shagonsa na cikin kasuwa, kwamfutarsa babba tana gida, kullum sai ya hau moto, wato babur, ya koma ya duba abu ɗaya ya dawo. Masta Kwabena ya ce za a haƙa masa tanel. Haka 'yan sana'a ke kiran sa, ni kuwa in ina yi wa mutanenmu bayani rami nake cewa. Ku ɗauka intanet kasuwa ce, kowa na ganin abin da ka ɗauko. Ramin nan bututu ne da aka binne a ƙarƙashin kasuwar, baki ɗaya a ofis, baki ɗaya a gida. Abin da ya bi ta ciki a murɗe yake, ko an tono ba a gane shi. Kuma bakin gida ba ya buɗewa sai ga injin da ke riƙe da mabuɗi. Mabuɗin ba ƙarfe ba ne, wani ɗan fayil ne da ake ƙera wa mutum ɗaya, a saka a injinsa na ofis. Duk injin da ke da shi, gidan ya ɗauke shi a matsayin mai gida. Ba ya tambayar wane ne ke zaune a kujera.

Da muka gama ranar, Masta Kwabena ya kira mai ƙaɗanya, ya ce ya tsaya ya kalla. Ya ɗauki ɗan filas ɗin kwamfuta da muka kawo mabuɗin a ciki, ya goge shi a gabansa. A hanya na ce, "Masta, in abu ya lalace fa? Da ka ajiye kwafi, daga shago sai ka gyara masa." Ya tsayar da moto a bakin titi ya juyo. Ya ce, "Kafinta in ya sa wa mutum ƙofa, yana tafiya gida da mabuɗi?" Na ce a'a. Ya ce, "To, in ya lalace mu sha rana mu je." Tun daga ranar ban taɓa riƙe mabuɗin gidan kowa ba.

Kayan aikina ba su da yawa, jaka ɗaya ce: filaya, testa, sukurdireba, tef, kebul, ƙaramar laptop mai tsagaggen murfi, da tocila don leƙa bayan kabad. Wahalar ba a kayan take ba, a gidajen mutane take. Wani ma'aikaci a Vittin ya yi ta kira na yana zagi, wai ramin da na yi masa yana rufewa kullum da hantsi. Na je na duba rauta, akwatin da ke raba intanet, lafiya, kebul lafiya. Na zauna a baranda ina jira. Sai ga surukarsa, tsohuwa, ta fito tana bin soket ɗaya bayan ɗaya tana kashewa. Na ce, "Mma, wannan a bar shi." Ta ce, "Ba kowa a ɗaki, wa yake kallo? Kuɗin mitar firipeed yana ci a banza." Na sa wa soket ɗin tef, ta ɓare. Sai da na mayar da shi bayan firij inda hannunta ba ya kai.

Akwai wani dillalin shanu da ya ce a sa masa kamara a garkensa can bayan gari, yana kasuwa yana kallon ko an tatsi nono an ɓoye. Ruwan farko da ya zo da tsawa ya ƙone rauta da kamara da komai. Akwai tsakar da ta shiga cikin akwatin wuta ta gasu, ta kashe injin wani malamin asibiti. Akwai zafin watan Maris da ke sa inji ya kashe kansa. Akwai dumso, ɗauke wutar nan da ba ta ƙarewa. Saboda dumso na saba saita kwamfutar gida yadda in wuta ta dawo za ta tashi da kanta, ba sai wani ya danna ba. In ba haka ba mutum na ofis, wuta ta ɗauke ta dawo, ramin ya zauna a toshe har ya koma gida.

Duk wannan gajiya ce kawai. Abin da ya sa na san tsoro a sana'ar nan aikin Mista Alhassan ne.

Mista Alhassan shugaba ne a wani ƙaramin ofishin gwamnati, gidansa a Kalpohin. Mutum ne mai tsari, mai tsoron ɓarayi. Yana da ɗaki guda a gidan da ya mayar ofis, ciki akwai kwamfuta da firinta, takardun filayensa da hotunan iyali duk a kwamfutar suke. Ya ce yana so daga teburinsa na wurin aiki ya shiga kwamfutar gida, ya ga kamarar get da ta tsakar gida, kuma in ya danna firin a ofis takarda ta fito a gida, don ya karanta da yamma ba tare da ya ɗauko kaya ba. Na yi masa duka. Na saita injin ofis yadda da ya kunna ramin zai buɗe da kansa, don ya ce ba ya son haddace komai. Na goge filas a gabansa. Matarsa, Hajiya Memuna, ta aiko mini da tuwon zafi da miyar ayoyo. Aikin ya yi shekaru yana tafiya, sai dai in je in canza batir.

Rannan ya faɗi a masallaci, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Na je jana'iza, na je adu'a, na zauna ƙarƙashin kanofi tare da kowa. Ramin ya zo mini a rai. Amma ku gaya mini, wane ne zai tashi a gidan makoki ya ce a ba shi hanya zai duba kwamfuta? Hajiya ta shiga takaba, namijin da ba muharrami ba ba ya zuwa inda take. Babban gidan kuma, kawun marigayi, Mba Ziblim, tun ranar farko ya sa kwaɗo a ɗakin ofis ɗin, ya rataye mabuɗin a wuyansa. Al'adarsu ce: kayan mamaci ba a taɓawa, ko tsinke, sai dangi sun taru an yi rabon gado. Wanda ya taɓa kafin nan ɓarawo ne ko da ɗan cikinsa ne. Na ɗan raɗa wa wani ɗan'uwansu cewa akwai inji a kunne a ciki. Ya ce, "Masta, mutum ya mutu kana maganar inji?" Na sha ruwana.

Bayan 'yan makonni, wata Talata da hantsi, ina shago ina canza wa wata laptop fanka, moto biyu suka tsaya. Yakubu ne, ƙanen marigayi, da wasu samari uku da ban sani ba. Bai ce dasiba ba, gaisuwarsu ta safe, bai yi sallama ba. Ya ce, "Rufe shago. Mba yana kiran ka."

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Kai ka sani."

Suka sa ni a tsakiya. Da muka isa Kalpohin, ɗaya ya miƙa hannu ya zare mabuɗin motona ya sa a aljihu. A gaban gidan akwai mutane, ba taro sosai ba, amma irin tsayuwar da ba ta gaisuwa ba ce. Na ga wani da sandar turmi a jingine da ƙafarsa. Na taɓa ganin abin da aka yi wa wanda aka kama da akuya a unguwarmu. Ba a tambaye shi sunansa ba sai bayan an gama.

Mba Ziblim na zaune a baranda kan kujerar roba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, ya nuna mini tagar ɗakin da aka kulle. Na leƙa ta tsakanin gilasan luba. Fitilar kwamfuta na ci. Ƙasan ɗakin kuwa fari fat da takardu, sun zubo daga bakin firinta sun bazu har gindin ƙofa. Ina cikin kallo firintar ta yi ƙara, ta fara jan takardar da babu, ƙarar-ƙarar-ƙarar, ta tsaya. Matan da ke cikin gida na ji suna salati.

Mba Ziblim ya ce, "Ɗakin nan tun ranar da na kulle ba wanda ya shiga. Wuta ya ɗauke, inji ya mutu, wuta ya dawo, inji ya tashi. Takarda yana fita. Mata sun ce Alhassan ne bai kwanta ba. An kawo afa, malaminmu, ya yi karatu, abu bai tsaya ba. Ni ban ce Alhassan ne ba."

Yakubu ya ce, "Shi ne. Shi ya sa abin, shi ya san hanya. Yana zaune a shago yana kwashe takardun filin yayana. Kuma akwai kamara a tsakar gida. Mace tana takaba, wannan yana kallon ta."

Da ya faɗi wannan na ƙarshe, tsayuwar mutanen waje ta canza. Na ji ta a bayan wuyana.

Na ce, "Mba, ni ba na riƙe mabuɗin kowa. A gaban marigayi na goge."

Yakubu ya yi dariya. Ya ce, "Shaidarka yana kabari."

Gaskiya ya faɗa. Dokar da na bi duk rayuwata, ranar ba ta da bakin da za ta yi magana. Da ina da kwafin mabuɗin, da tun ranar jana'iza na shiga daga shago na kashe injin, da ba a kai ga nan ba. Ba ni da shi, kuma ba yadda za a yi mutum ya nuna abin da ba shi da shi.

Na ce, "A buɗe ɗakin in zare waya ɗaya, komai zai tsaya."

Mba Ziblim ya dafe mabuɗin da ke wuyansa. Ya ce, "Ɗakin nan ba ya buɗuwa sai dangi sun zo daga ƙauye. Ko gobara ne."

Na ce a kashe rauta da ke falo. Yakubu ya ce, "Don ka ɓoye sawunka?" Aka ce kar in taɓa komai.

Na roƙi a tambayar mini Hajiya abu ɗaya: yaushe firintar ke yin ƙara? Aka aika wata dattijuwa ciki. Ta dawo ta ce, Hajiya ta ce da hantsi ne da kuma bayan azahar. Na ce, Asabar da Lahadi fa? Ta koma, ta dawo. Ta ce, Hajiya ta yi tunani, ta ce Asabar da Lahadi shiru ne, Juma'a ma da wuri take dainawa.

Wani tsoho a gefe ya ce, "To, wannan fatalwar ma'aikacin gwamnati ce." Wasu suka yi 'yar dariya. Mai sandar turmi bai yi ba.

Na ce, "Mba, daga ofishinsa ne. Injin teburinsa yana da mabuɗin. A kai ni."

Ba su ba ni motona ba. Yakubu ya ɗauke ni a bayan nasa, ɗaya daga cikin samarin ya bi mu. Duk hanya ina lissafin abu ɗaya: in an mayar da injin nan sito, ko an goge shi, ko an kai wani gari, to ba ni da abin faɗa, kuma Kalpohin za a mayar da ni.

Injin na nan a kan tebur. A kujerar marigayi wata mata ce, Madam Adisa, wadda aka kawo ta riƙe wurin. Da na yi mata bayani sai ta dafe kai. Ta ce, "Wannan injin ya kusa haukata ni. In danna firin, ba abin da ke fita. In sake dannawa, shiru. Sai in sa a filas in kai wa sakatare. Amma kullum da hantsi da bayan azahar sai na gwada, ko ya warke." Na duba gefen allo, alamar ramin tana kore. Tun ranar da ta fara kunna injin, gidan Kalpohin ya ɗauka mai gida ne ya dawo aiki.

Na ce wa Yakubu ya kira Mba Ziblim ya sa waya a sifika, ya ce ya tsaya bakin taga. Na buɗe takarda fara na danna firin. Muka ji ta cikin wayar, ƙarar-ƙarar-ƙarar. Na ce, "Zan sake." Na sake, ta sake. Muryar tsohon ta ce, "Na ji." Ya kashe.

A lokacin ne na san rigata ta jiƙe har ƙugu. Na ɗauka an gama.

Madam Adisa ta fita ta nemo mana ruwa. Saurayin da ya biyo mu yana waje wurin moto. Muka rage ni da Yakubu. Ya sunkuyo kan allo ya nuna wata 'yar alama mai hoton kamara. Ya ce, "Wannan fa?" Kafin in buɗe baki ya kama linzamin kwamfutar ya danna.

Tsakar gidan ta fito a kan allo, tar kamar kana tsaye a ciki. Hajiya Memuna na zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana wanki, ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, kamar yadda mace ke zama a gidanta in ta san get a rufe yake. Ta tsaya da wankin, ta goge fuska da bayan hannu, ta zauna haka nan tana kallon ƙasa. Na kawar da kai na kalli bango. Yakubu bai kawar ba.

Na ce, "Rufe."

Bai rufe ba. Da ya yi magana muryarsa ta sauka, ba irin ta ɗazu ba. Ya ce, "Masta, ka yi haƙuri da abin da ya faru. Zafin rai ne. Wannan mabuɗin, za ka iya sa shi a wayata?"

Na ce, "Na marigayi ne."

Ya ce, "Ni ƙanensa ne. Matar nan danginta suna shiga suna fita da jakunkuna. Kafin a yi rabo gidan zai zama fanko. Ni dai in ga abin da ke fita, shi ke nan. Ba wanda zai sani." Ya dafa kafaɗata. "Mu koma tare, in tsaya gaban mutane in ce Masta ba shi da laifi. Da bakina na ɓata ka, da bakina zan wanke ka. In kuma ba haka ba, to ni ban gane abin da na gani a nan ba. Ni ba ɗan kwamfuta ba ne."

Ku da kuke cewa dannawa biyu ne, ga dannawa biyun. Aikin da ya nema ba zai kai lokacin shan shayi ba. Motona na hannunsu. Mutanen da ke gaban gidan maganarsa za su ji, ba tawa ba. Ina da 'ya'ya a makaranta, kuma sana'ar nan ba ta da jari sai suna.

Na ce, "Matsa in zauna."

Ya matsa, yana murmushi, ya ajiye wayarsa kusa da hannuna. Na rufe kamarar. Na bi ta ramin na shiga kwamfutar gida, na cire saitin da ke buɗe ramin in ta tashi, na ba ta umarni ta kashe kanta. Alamar ta koma ja. Sannan na nemo mabuɗin a injin ofis na goge shi, na goge shi daga kwandon shara ma. Yakubu yana kallo, bai san me nake yi ba sai da na tura masa wayarsa na miƙe.

Ya ce, "Ka sa?"

Na ce, "Babu sauran abin sawa. Ramin ya rufe. Ko ni ba zan iya buɗe shi ba sai an buɗe ɗakin."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki wayarsa ya ce, "To." Madam Adisa ta shigo da ruwa, ya wuce ta gefenta ya fita. Suka tafi suka bar ni. A yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, na koma shago. Motona sai bayan kwanaki wani ya kawo ya jingine a bakin ƙofa, madubi ɗaya a karye.

Abin da Yakubu ya faɗa a Kalpohin shi ne: ya gan ni da idonsa ina goge abubuwa a injin yayansa. Bai yi ƙarya ba, ya dai bar rabin. Ni kuma sauran rabin ba zan iya faɗa ba. In na ce ya nemi ya riƙa kallon matar yayansa, dole in ce an gan ta, kuma dole a san yadda aka gan ta. Mace mai takaba, a garin nan, wannan maganar ba a kan Yakubu za ta tsaya ba. A kanta za ta zauna. Na je wurin Mba Ziblim na ce masa ramin ya rufe, firinta ba za ta sake ƙara ba, kuma kamarar tsakar gida gara a rufe ta da tsumma saboda ruwa. Ya kalle ni ya daɗe. Ya ce, "Saboda ruwa." Na ce e. Ya ce za a rufe.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ba a doke ni ba, ba a kai ni caji ofis ba. Waya ce kawai ta riƙa ƙara. "Masta, zo ka cire abin nan da ka sa mini." Ma'aikacin Vittin ya kira. Malamin asibiti ya kira. Wasu ba su kira ba, sun ba wani ya cire. Wanda ya kira ni kuma sai ya tsaya a kaina har in gama, matarsa a kulle a ɗaki. Gidajen da nake shiga har kicin a zuba mini abinci, aka koma miƙo mini inji ta get. Na koma gyaran caja da manna gilashin waya. In moto biyu suka tsaya tare a gaban shago, sai na ajiye abin da ke hannuna na duba ƙofar baya. Wannan bai bar ni ba har yanzu.

Da dangi suka taru aka buɗe ɗakin, an kira wani ya kunna kwamfutar a gaban kowa. Takardun fili suna nan, hotuna suna nan, ba abin da ya ɓata. Labarin zargi ya zaga Tamale a kan moto, wannan kuwa da ƙafa ya fito, bai wuce layin gidan ba. Aiki ya dawo a hankali, ba duka ba.

Hajiya Memuna ta gama takaba ta koma wurin danginta. Wani lokaci takan wuce ta gaban shago in ta zo kasuwa. Ta ce, "Masta, ina aiki?" In ce, "Da godiya, Hajiya." Ta ɗauka ni ne mutumin da ya gyara firinta. Haka nake so ta ci gaba da ɗauka.

Yanzu duk wanda ya zo in haƙa masa rami, kafin in buɗe jaka sai na sa shi ya zauna. In tambaye shi: ranar da ka mutu, wa zai kira ni? Wa ke da izinin ya buɗe mini ƙofa in zare waya, kafin a sa kwaɗo? Ka kira shi yanzu, ka faɗa masa a gabana. Mutane ba sa son tambayar. Wani ya ce ina yi masa mugun baki. Wani ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ya ɗauki laptop ɗinsa ya tafi wurin ɗaya daga cikinku, aka danna masa biyu.

Watan jiya wani matashi ma'aikacin banki ya zo, sabon aure, sabon gida a Vittin, yana son kamara har falo. Na yi masa tambayar. Ya yi dariya ya ce, "Masta, ai ƙanena yana nan, komai nawa a hannunsa yake."

Na mayar da filayata cikin jaka. Na ce, "Kira matarka."